Haɗewa ko Haɗiyewa? Tarken Game Hukumomin Jirgin Ƙasa da Sauya Shugabanninsu Daga Mahangar Sharafiyya ta Jidda

Tsakure

A shekarar 2021 gwamnatin Saudiyya ta mayar da harkar jirgin ƙasa ta ƙasar baki ɗaya hannun kamfani guda, aka kuma bayyana matakin a matsayin hanyar bunƙasa dakon kaya. Wannan maƙala ta yi tarken wancan mataki da tunanin da ke bayansa, wato cewa game hukumomi da sauya shugabanni shi ne maganin matsalar sufuri. An auna batun da ma'aunin unguwar Sharafiyya ta birnin Jidda, inda fatake da alhazai Hausawa ke sayen kaya su yi awonsa zuwa gida. An kwatanta abin da ya faru a Saudiyya da wanda ke faruwa a Amurka, da kuma gamewar layukan dogo na Nijeriya a 1912. Maƙalar ta nuna cewa amfanin gamewa yana biyo bayan haɗuwar ƙarfe da ƙarfe a ƙasa, kuma Jidda har yau ba ta da layin kaya.

Fitilun kalmomi: jirgin ƙasa, dakon kaya, haɗewa, shugabanci, Sharafiyya, Kano.

1.0 Gabatarwa

Sharafiyya tsohuwar unguwar kasuwanci ce a tsakiyar Jidda, maƙwabciyar filin da tsohon filin jirgin sama na birnin yake kafin a koma na Sarki Abdul'aziz a 1981. Wannan maƙwabtaka ce ta sa alhazan da suka sauke farali a wancan zamani suka san ta, 'ya'yansu kuma suka gaji saninta. Unguwa ce ta kantuna da gidajen abinci da ofisoshin kago, mafi yawansu a hannun mutanen Indiya, musamman na jihar Kerala. Bahaushen da ke fataucin da aka laƙaba wa suna Kano-Jidda ya san hanyarta kamar yadda ya san ta Kantin Kwari: yadi da jallabiya da darduma da turare da kayan lantarki, a ɗaure a kwali, a auna, a rubuta suna da lambar waya a jiki.

Abin lura a nan shi ne yadda wannan kaya ke shigowa unguwar da yadda yake fita. Daga tashar jiragen ruwa ta Jidda tirela ke ɗauko shi. Wanda ya sauka a Dammam, a gabar gabas, ko ya fito daga Dubai, tirela ke ratso hamada da shi. Idan an saye shi, mota ke kai shi filin jirgin sama ko ta mayar da shi tashar ruwa. Babu inda tarago ya shiga cikin lissafin, alhali Jidda ce babbar ƙofar ƙasar ta Bahar Maliya, kuma jirgin ƙasa mai gudun kilomita 300 a awa yana ratsa ta tun 2018 tsakanin Makka da Madina. Wannan jirgi na Haramaini na mutane ne kawai da jakunkunansu.

Saboda haka Sharafiyya wuri ne da ya dace a tsaya a yi wa manufofin sufuri tambaya. Idan an ce an game hukumomi, an naɗa sabon shugaba, an ƙaddamar da sabon tsari, me ya sauya a kan kwalin da ke bakin ofishin kago? Tambayar ba ta Saudiyya kaɗai ba ce, domin irin wannan magana ake yi wa ɗan kasuwar Kano da na Maraɗi.

2.0 Hukumomi Biyu, Layi Biyu

Layin farko na Saudiyya ta yau shi ne na Dammam zuwa Riyad. Sarki Abdul'aziz ya nace a kansa, kamfanin mai na Aramco ya kula da aikin daga 1947, aka buɗe shi a 1951. A 1966 aka kafa masa hukuma mai cin gashin kanta, wadda za a riƙa kira Mu'assasa a wannan maƙala, kamar yadda sunanta na Larabci ya fara. Hedikwatarta tana Dammam. Babban aikinta na kaya shi ne kwasar kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Dammam zuwa tashar tsandauri ta Riyad, a kan layi mai tsawon kilomita 556 da ke bi ta Harad da Kharj. Layin Hijaz na Daular Usmaniyya, wanda ya iso Madina a 1908, bai taɓa kaiwa Makka ko Jidda ba, kuma ya daina aiki a wannan yanki tun bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Hukuma ta biyu ƙarama ce a shekaru, babba a jari. A 2006 Asusun Zuba Jari na gwamnati ya kafa kamfanin SAR domin shimfiɗa layin Arewa, mai tsawon kusan kilomita 2,750. Manufarsa ta asali ma'adinai ce: fosfat da ake takin zamani da shi daga Hazm al-Jalamid kusa da iyakar arewa, da ƙasar da ake fitar da alminiyon daga cikinta daga yankin Ƙasim, duk a kai su masana'antun Ras al-Khair a bakin tekun gabas. Jirgin ma'adinai ya fara tafiya a 2011, na fasinja ya biyo baya a 2017.

Bambancin da ke tsakaninsu ya wuce na shekaru. Mu'assasa ofishin gwamnati ce, da ma'aikatan gwamnati da kasafin gwamnati, kuma abokan hulɗarta dubban 'yan kasuwa ne masu kwantena ɗaya ko biyu. SAR kamfani ne da aka gina domin babban abokin ciniki guda, wato kamfanin ma'adinai na Ma'aden, wanda shi ma Asusun ne ke da mafi yawan hannun jarinsa. Ke nan mai layin da mai kayan gida ɗaya suka fito. Wannan asali yana da muhimmanci wajen fahimtar wanda ya rinjayi wani a ranar gamewa.

3.0 Shawarar 2021 da Sunan da Aka Ba Ta

A watan Fabrairu na 2021 Majalisar Ministocin Saudiyya ta zartar da cewa daga 1 ga Afrilu na shekarar an soke Mu'assasa, SAR ya maye gurbinta a cikin kadarori da kwangiloli da ma'aikata. Jaridun ƙasar suka kira abin damj, wato gamewa. Duk wanda zai mayar da labarin Hausa, kalmar da za ta fara zo masa ita ce haɗewa, kuma a nan harshen ya fi mai fassarar gaskiya. Da abin na daidai wa daida ne, da sai a ce hukumomin sun haɗu, da aikatau aji na 7, wanda ke nuna ɓangarori biyu da suka zo wuri ɗaya. Haɗe kuwa aji na 4 ne, mai nuna aikin da ya cinye abin da ya faɗa wa gaba ɗaya, kuma a bakin Hausawa da dama haɗe da haɗiye abu ɗaya ne, kamar a haɗe miyau. Abin da ya auku a 2021 haɗiyewa ce: ƙaramin ya haɗiye babban, kamfani ya haɗiye hukuma, Riyad ta karɓi abin da Dammam ta riƙe shekara 55.

Wannan ba aibi ba ne a karan kansa, kuma adalci ne a faɗi abin da matakin ya gyara. Ƙasar da ba ta fi layuka uku ba, babu hikima ta riƙe hukuma biyu, kowace da nata tsarin sayen kan jirgi da tarago, da nata horon direbobi, da nata ƙa'idar alamu. Layukan biyu faɗinsu ɗaya ne, milimita 1,435, saboda haka babu abin da ya hana su zama ɗaya sai takarda da ɗan guntun da ya rage tsakaninsu. An rufe wannan gibi a 2022 da layin da ya bi ta Jubail ya sada na Arewa da na Gabas, har ya zama tarago na iya tasowa daga masana'antun Jubail ya isa tashar ruwa ta Dammam. Idan ana neman ribar gamewar a zahiri, nan take. Sai dai a lura da inda take: duk a gabar gabas, fiye da kilomita 1,000 daga Sharafiyya.

Raunin matakin yana wajen da ba a cika dubawa ba. Lokacin da ake da hukuma biyu, ko ba su yi gasa ba, ana iya auna ɗaya da ɗaya: kuɗin dako, jinkiri, asarar kaya. Yanzu ma'aunin ya tafi. Mai layin Asusun gwamnati ne, babban abokin ciniki na Asusun ne, shugaban hukumar gudanarwar kamfanin shi ne Ministan Sufuri, Saleh al-Jasser, hukumar da ke sa ido a kan sufuri kuma tana ƙarƙashin inuwar ma'aikatarsa. Ƙaramin ɗan kasuwa da kwantenarsa ta makale ba shi da wurin kai kuka da ya wuce gidan da kukan ya fito. Abokin hamayyar jirgin na gaskiya shi ne direban tirela, kuma muddin shi ne ke kai kaya har ƙofar kanti, shi zai ci gaba da yanke farashi.

3.1 Batun Shugabanni

Masu sharhin kasuwanci suna da ɗabi'ar karanta makomar kamfani a fuskar shugabansa. Tarihin Saudiyya bai goyi bayan wannan karatu ba. Rumaih al-Rumaih ya shugabanci SAR, daga baya ya riƙe Mu'assasa da hukumar kula da sufuri, wato mutum guda ya zauna a kujeru ukun da batun ya shafa. Bashar al-Malik shi ne shugaban SAR kafin gamewa, shi ne kuma bayanta. Al-Jasser, wanda aka naɗa minista a 2019, daga kamfanin jiragen sama na Saudiyya ya fito. Waɗannan mutane ne masu ƙwarewa, kuma daɗewarsu a fagen ta ba harkar natsuwar da ƙasashe da yawa suka rasa. Amma babu ɗayansu da ke da ikon shimfiɗa kilomita guda ba tare da baitulmali ta buɗe ba. Shugaban jirgin ƙasa a irin wannan tsari mai gudanar da abin da aka ba shi ne. Shawarar inda ƙarfe zai bi tana sama da shi.

4.0 Layin da Ba a Shimfiɗa Ba

Abin da zai shigar da Jidda cikin lissafin kaya sananne ne, har yana da suna: gadar tudu, wato layi mai tsawon kimanin kilomita 950 daga Jidda zuwa Riyad, wanda zai haɗu da na Dammam ya sada tekun yamma da na gabas. An fara neman 'yan kasuwa su gina shi da kuɗinsu su ci riba na wasu shekaru, har aka zaɓi gamayyar kamfanoni mai suna Tarabot a 2008. Yarjejeniyar ba ta kammalu ba. A 2011 gwamnati ta ce za ta gina da kanta. Tsarin sufuri na ƙasa da aka ƙaddamar a 2021 ya sake ɗaukar alkawarin. A tsawon wannan lokaci an sauya ministoci, an kafa hukuma, an soke hukuma, an gina jirgin Haramaini mai tsawon kilomita 450, amma kwantenar Jidda tana nan a bayan tirela.

Tsadar wannan jinkiri ta fito fili daga ƙarshen 2023, lokacin da hare-haren 'yan Husi na Yaman suka sa manyan kamfanonin jiragen ruwa suka ƙaurace wa mashigar Babul Mandab. Kayan Asiya da ke zuwa Jidda ta nan suke bi. Da hanyar ta yi haɗari, sai wani kaso na kayan ya koma sauka a tashoshin gabas, tireloli suka riƙa ratso ƙasar da shi. Aikin da aka zana gadar tudu domin ta yi ke nan, ga ranarta ta zo ba ta nan.

Duk da haka bai kamata a yi wa Sharafiyya alkawarin da ya wuce kima ba. Jirgin kaya abokin mai yawa ne: fosfat, siminti, hatsi, kwantena ɗari a tafiya ɗaya. Kwalin ɗan Kano-Jidda ba zai hau shi ba a hanyarsa ta fita, domin yamma ya nufa, ga teku ga filin jirgi a kusa. Inda layin zai taɓa shi shi ne a farashin saye, idan kuɗin kawo kaya kanti ya sauka, da kuma a tashar ruwa, idan yawan kwantena ya jawo jiragen da ke bi ta Afirka. Riba ce ta bayan fage, kuma ko ita sai kamfanin da aka raina a kan ma'adinai ya koyi sauraron mai kwantena ɗaya. Wannan ilimi a wurin Mu'assasa yake, wadda aka haɗiye.

5.0 Abin da Ake Nufi da Gamewa a Amurka

Yawancin kalmomin da ake tattauna wannan batu da su daga Amurka suka fito, kuma a can ma'anarsu daban take. Manyan kamfanonin jirgin kaya sun kai kimanin 40 a 1980, yanzu saura 6, bayan Canadian Pacific ya haɗiye Kansas City Southern a 2023. A watan Yuli na 2025 Union Pacific ya sanar da shirin sayen Norfolk Southern a kan kusan dala biliyan 85, abin da zai samar da kamfani guda daga teku zuwa teku idan hukumar da ke sa ido ta amince. Bayan wata biyu kamfanin CSX ya sauke Joe Hinrichs ya naɗa Steve Angel, a daidai lokacin da wasu masu hannun jari ke matsa masa lamba ya nemi abokin gamewa ko ya sauya shugaba.

A can sauyin shugaba alama ce ta gaske, domin mai hannun jari na iya tsige shi, sabon kuma na iya sayar da kamfanin. Gamewa ma tana da aikin da take yi nan take, tun da layukan sun riga sun haɗu a Chicago da Memphis da New Orleans, abin da ake son kawarwa shi ne jinkirin miƙa tarago daga hannu zuwa hannu. Ko a hakan ba ta da tabbas: bayan Union Pacific ya haɗiye Southern Pacific a 1996, cunkoso ya tsayar da kaya a yankin Houston tsawon watanni. Ɗauko wannan harshe a ɗora wa ƙasar da matsalarta rashin layi ce, aron rigar da ba a auna ba ne.

6.0 Minna 1912 da Abin da Ya Biyo Baya

Ƙasar Hausa ta ga irin wannan gamewa tun kafin Saudiyya ta ga jirgi. Gwamnatin mulkin mallaka ta Arewa, a zamanin Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne, ta fara layinta daga Baro a bakin Kwara a 1907 domin kada ta dogara da Legas. Layin ya iso Kano a 1911, a kan gumin talakawan da aka tilasta wa aikin diga, aikin da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi wa waƙa. Layin Legas ya taho ya same shi a Minna, sai a 1912 aka game hukumomin biyu suka zama ɗaya, shekara biyu kafin a game Arewa da Kudu. Jerin abubuwan shi ne abin dubawa: ƙarfe ya fara haɗuwa, sannan takarda ta biyo. Sakamakon bai ɗau lokaci ba. Gyaɗa ta samu hanya, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka juya daga goro zuwa gare ta, dalar gyaɗa ta tashi a Kano. Wanda ya yi asara kuwa gari ne: Baro, da kaya suka daina bi ta cikinsa.

Abin da ya biyo bayan 'yancin kai shi ne gwajin ɗaya ra'ayin, na sauya shugabanni. Hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ta ɗauki kaya kusan tan miliyan 3 a 1964. Daga nan sai gangara. An miƙa ta ga kamfanin RITES na Indiya daga 1979 zuwa 1982, ta ɗan farfaɗo, suka tafi ta koma. An ba Samuel Ogbemudia ita shi kaɗai a ƙarshen shekarun 1980. An kawo kamfanin CCECC na Sin a 1995. Kowane zuwa da nasa biki, layin kuwa shi ne dai na 1911, mai faɗin milimita 1,067, da lanƙwasarsa da tsofaffin gadojinsa. A Nijar abin ya fi wannan fitowa fili: a 1959 aka kafa hukumar jirgin ƙasa ta haɗin gwiwa tsakanin Nijar da Benin, amma layinta a Parakou ya tsaya, bai taɓa taka ƙasar Nijar ba. Guntun da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso, aka yi bikinsa a 2016, bai haɗu da komai ba.

Yanzu Nijeriya ta ɗauki hanyar da ta saba wa ta Saudiyya. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar jirgin ƙasa, wato ana rarraba abin da can ake tattarawa. An kuma naɗa Kayode Opeifa shugaban hukumar a farkon 2025 bayan wa'adin Fidet Okhiria. Ko tattarawa ko rarrabawa, gibin yana ƙasa. Sabon layi mai faɗin milimita 1,435 ya tashi daga Legas ya tsaya a Ibadan a 2021, wani ya tashi daga Abuja ya tsaya a Kaduna tun 2016. Layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284 ta Daura da Katsina da Jibiya, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil a 2021, shi ma mai faɗin ne, saboda haka taragonsa ba zai hau tsohon layin da ya sada Kano da Apapa ba. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023 an gina ta ne domin kwantena ta zo Kano a rufe a yi mata kwastan a gida. Kwantenar da aka cika da kayan Sharafiyya, idan ta sauka a Legas, tana da tafiyar kimanin kilomita 1,000 a gabanta kafin ta ga Kantin Kwari, kuma galibi a bayan tirela take yin ta, kamar yadda ta baro Jidda.